Ranar da Aka So Kashe Tsoho

"…lafiya ƙalau, sai dai ban ga ruwan baƙo ba. Haka ake tarbar miji a gidanku?"

"Mijin da sai ya huta sau uku kafin ya hawo bene ɗaya? Zauna, Tsoho, kar ka faɗo mini a kan firinta."

Ya zauna yana haki. Shekara talatin da takwas ya yi yana zanen taswirar gine-gine kafin ido ya yi masa ritaya, yau ga shi a ofishin jikarsa, ba allon zane, ba warin tawada, sai kwamfuta da fanka. Kuma ba hira ce ta kawo shi ba. Ƙarfe huɗu kawunnanta za su zo karɓar sabon zanen babban gida, wanda za a rushe rabinsa a ɗora bene, gidan da shi ya zana da hannunsa tun ba a haifi uwarta ba. Bakinsa ya amince, zuciyarsa ce ba ta sa hannu ba. So yake ya ƙara ganin layukansa kafin a shafe su.

Ya tarar tana ta dukan maɓalli ɗaya tana tsaki. Ta ce zanen hawa-hawa ne, bango da leyarsa, famfo da tasa, wayar lantarki da tata. Ta rubuta ɗan umarni da suke kira makro, wanda da dannawa ɗaya zai kashe duk leyar da ba a so ta fito a takarda. Duk suna mutuwa, ɗaya ce ta kafe.

"Laya? Ashe ku ma da layu kuke aiki."

"Leya na ce. Kunnen ma ya bi idon?"

"Na san ta tun uwarki na rarrafe. Takarda mai shara-shara muke shimfiɗawa, ɗaya kan ɗaya. In ba ma son famfo, mu ɗage takardarsa. Ba wadda ta taɓa yi mini gardama."

"Shi ya sa kuke wata uku a kan banɗaki ɗaya."

"Sannu ba ta hana zuwa. Ke mai sauri, ina kika kai? Me sunan mai taurin kan?"

Ta hau sosa ƙeya. Ya gyara tabarau, ya leƙa da kansa, sai ga manyan baƙaƙe: TSOHO. A nan ta kwafe tsohon zanensa kaf.

"Wato tun safe kina zaune kina neman kashe ni, na'ura na hana ki. Ƙarfe ya fi jika tausayi."

"Ba tausayi ba ne, halinka ta ɗauko. Kai ko mutuwa ce ta yi sallama, cewa za ka yi ta dawo gobe, shayi kake sha."

"Na sake ki."

"Karo na tara ke nan bana. Wa za ta kwashe ka da haƙora huɗu?"

"Biyar ne, maƙaryaciya."

Dariya dai aka yi, amma agogo ya gota uku. Ta sake duba rubutun sunan, ta ƙara waƙafi, ta cire, duk kanwar ja ce. Shi kuwa da ya saba farautar ɗigon tawada a takarda, sai ya lura duk dannawa wani siririn rubutu yana fitowa a ƙasan allon kwamfutar. Ta ce surutun kwamfuta ne kawai. Ya nace sai ta karanta. Ashe tambaya ce: da gaske kina so a kashe leyar da kike aiki a kanta? Makron ba shi da amsa, shi ya sa yake cijewa a nan.

"Au, tambayarki ake kina share mutane? Rashin kunyar har ta kai ga na'ura?"

"Kaza ta taka wuƙa za ta yi mana ƙafafa. To, malam, meye maganin?"

"A zamaninmu sabon shiga ne ke jan takardar da ya danne da gwiwar hannu, ta yage, ya sha ranƙwashi. Ba a naɗe tabarma ana zaune a kanta. Tashi daga kaina tukuna, ki koma kan wata."

Ta zuba masa ido, sannan ta ƙara layi ɗaya a saman umarnin: a fara komawa leyar SABO. Sai a lokacin ya gane shi ya wasa wuƙar da hannunsa. Ta danna. Baranda ta ɓace, zaure ya ɓace, aikinsa na wata biyar ya tafi kafin ƙiftawar ido. Abin ya soke shi fiye da yadda ya zata. Ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga.

Ta gani. Ta sassauta murya.

"Kaka, a aikinmu kashewa ba gogewa ba ce. Kana nan a ƙasa."

Ta danna wani wuri, layukan suka dawo. Ya ɗora yatsa a kan wata 'yar taga ta ɗakin girki, ƙasa-ƙasa, ba bisa ƙa'ida ba. Ya ce sau uku ya kankare ta da reza yana saukowa da ita, domin marigayiya kakarta gajeruwa ce, kuma ta rantse ba za ta yi girki inda ba ta hango 'ya'yanta a tsakar gida ba.

Ta kama tagar, ta ɗauke ta daga TSOHO ta mayar SABO, ta sake danna makron. Komai ya tafi, taga ta tsaya.

"Kawunnanki za su yi magana."

"Su yi. Uwarsu ce ke leƙensu."

Dariya ta ƙwace masa, da hawaye a cikinta.

"Kin ci, ja'ira. Buga biyu, ɗaya tawa ce."