Ƙwaƙwalwar Kwamfutarmu Ta Tafi Rangadi

Jama'a, yau na ga ta kaina. Tun da safe na sha wanka, na ari rigar bikin ƙanin babana, na nufi zauren taron ƙauyenmu. Da tsakar rana wani mai gonar inabi a Ostareliya zai gan ni ta kwamfuta, ya duba ko ƙirata ta isa ɗaukar kwando. Mutum ɗaya tak yake nema. Ni kuwa tun da na tsere daga aji nake kankare kwakwa a tsibirin nan, har na fara kama da ita. Wayar hannu kuma kun sani, babu sabis, a nan tocila ce.

Kwamfutar sabuwa ce fil. Makon jiya Mai Girma Uban Ci Gaba, Allah ya ƙara wa tumbinsa faɗi, ya kawo mana ita a jirgin ruwa. Muka karɓe ta yadda muke karɓar babban baƙo: aka rataya mata furanni, mata suka barbaɗa mata hoda, aka dama yangona, abin shanmu na gargajiya, aka ajiye mata ƙoƙo guda a gabanta. Mai Girma ya danna, ta haskaka, aka tafa, aka ɗauki hoto, ya share mana gasasshen alade, ya ƙara gaba.

Yau na danna. Fanka ta juya, wani abu ya ce ƙiit, allo ya kawo ɗan rubutu fari, sai ta ƙame kamar akuya a ruwan sama. Na kashe na kunna. Na zare wayoyi na hura na mayar. Na ɗan mare ta a gefe, yadda muke wa injin kwalekwale.

"Kai Isikeli! Baƙuwar gari kake mari?" in ji Kawu Waisake, mai riƙon mabuɗin zauren.

"Kawu, ta ƙi tashi ne."

"Ka gaishe ta? Ka shigo ƙerere, kanka ya fi nata tsawo, ka ce ta tashi? Zauna ƙasa, marar kunya!"

Na zauna. Aka sake dama yangona, muka tafa, Kawu ya ba ta haƙuri a madadin zuriyarmu kaf, sannan ya shanye ƙoƙonta tunda ba ta da baki. Na danna. Ƙiit.

Gwaggo Mereoni ta leƙo ta taga. "Iskar teku ce ta buge ta, 'yar birni ce." Ta shigo da man kwakwa ta mulke ta har tana sheƙi. Ƙiit.

Na ce a buɗe cikinta mu gani. Kawu ya dafe ƙirji.

"Mai Girma ya ce kada a buɗe sai kwamitin masana ya zo."

"Yaushe zai zo?"

"Da zarar an kafa shi."

Ina ji ina gani inuwa ta shige ƙarƙashin ƙafa ta fito ta ɗaya gefen. Sai ga Sakiusa mai kwalekwale, wanda ke jigilar kayan tawagar Mai Girma, ya tsaya bakin ƙofa yana dariya har da riƙe ciki.

"Kallon kitse kuke wa rogo! Akwatuna ne da yawa, ƙwaƙwalwa ɗaya. Ana gama hoto, kuna layin abinci, ɗan rakiya ya kwance ta ya jefa aljihu, sai tsibiri na gaba."

Kawu da kansa ya sa wuƙa ya kwance murfin. Ga gurbi nan wayam, wata tsaka ta tare a ciki har da ƙwai.

"To yau tana ina?" na tambaya.

"Tsibirin su Tebita taubashinka. Na baro shi gaban allo ya tuɓe riga, yana nuna wa wani Bature ƙwanji. Ya ce in gaishe ka, in ya isa zai aiko maka da ganyen inabi."

Ni dai ban ga laifin Mai Girma ba. Wannan shi ne tattali, kuma a gida ya koya. An ce a ofishinsu ma haka tsarin yake: kawuna da yawa, ƙwaƙwalwa ɗaya, ana karɓa-karɓa. Allah dai ya sa ranar da za a kafa kwamitin ƙwaƙwalwar tana gari.