Ranar da Nomau Ya Sa wa Inna Ganye

A unguwarmu, bakin sabon titin nan da aka faɗaɗa, akwai gidan Malam Ɗayyabu mai biredi, mutum mai saurin fushi da murya kamar injin markaɗe. Yana zaune da matarsa Balaraba da mahaifiyarsa Inna Tabawa, tsohuwa mai ciwon gwiwa da wata akuya da take ji da ita. Na huɗunsu shi ne Nomau, ƙanen Balaraba. Ƙato ne, ba ya ƙarya, ba ya musu, kuma abin da ka gaya masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Da mahaifiyarsu ta rasu, gidansu na ƙauye ya zama kango, Balaraba ta roƙi mijinta har ya yarda a kawo shi birni. Ɗayyabu ya ce, "Ga keke, ya riƙa kai wa masu shayi biredi. Amma ranar da ya ishe ni, ƙauye zai koma." Balaraba ta san babu kowa a ƙauyen nan da zai ba ƙanenta ko ruwan sha.

Titin kuwa, Allah ya kyauta. Kowa gani yake gadon ubansa ne. Mai mota ya zagi mai adaidaita, mai adaidaita ya zagi ɗan acaɓa, ɗan acaɓa ya zagi mai keke, mai keke ya huce a kan mai tafiya a ƙasa, shi kuma ya koma gida ya yi wa iyalinsa faɗa. Tun da aka faɗaɗa shi Inna Tabawa ba ta ƙara tsallakawa ta gai da yayarta Dudu ba, alhali daga ƙofar gida tana hango rufin ɗakinta.

Wata rana, ranar farko ke nan, Balaraba ta raka shi zaure ta ce, "Nomau, don Allah kada ka tsallaka titi sai ka duba ka ga babu mota ko ɗaya." Ya ce, "To, Yaya." Ya tura keke har bakin titi ya tsaya. Hantsi ya yi, rana ta take, titi ya yi sarari sau da dama, mata masu goyo ma suka wuce, Nomau yana nan. Ashe wata tsohuwar mota yake kallo a ƙofar garejin bakanike, kaji har sun yi ƙwai a cikinta. Da ya gaji ya ɗaga murya.

"Malam! Yaushe za ka ɗauke motar nan?"

"Wacce? Wannan? Ai tun bara ba ta da inji!"

"To ni ba na sauri."

Masu shayi suka sayar da shayi ba biredi ranar. Ɗayyabu ya zo da kansa ya ja shi gida, yana faɗa har jijiyar wuyansa na tashi.

Wata rana Ɗayyabu ya nuna masa ƙararrawar keken ya ce, "In ka ga mutum a gabanka, kaɗa masa wannan, kada ka daina sai ya kauce." Nomau ya ji daɗin wannan aiki ƙwarai. Yana isa mararrabar kasuwa ya ga mutum tsaye ƙiƙam a tsakiyar hanya, yana ɗaga hannu nan yana ɗaga can. Mai ba da hannu ne, amma wa ya gaya wa Nomau? Ya zo dab da shi ya kafa ƙafa, ya shiga kaɗawa, ƙirrin, ƙirrin, ƙirrin.

"Kai, wuce mana! Na ba ka hannu!"

"Sai ka kauce."

"Ni zan kauce? Ka san ko ni wane ne?"

"Mutum ne a gabana."

Ma'aikacin nan ya fusata, ya bar wurinsa ya tafi ɗauko sandarsa a gindin bishiya. Nomau ya ce, "Yauwa, ya kauce," ya taka kekensa ya wuce abinsa. Kafin ma'aikacin ya dawo motoci sun sarƙe ta kowace kusurwa, kowane direba ya leƙo da kai yana tsine wa na gabansa. Da yamma Ɗayyabu ya je ya ba da haƙuri, kuma ba da hannu biyu wofi ya je ba.

Wata rana Balaraba ta zaunar da shi ta ce, "Ɗan'uwana, ka daina jayayya da mutane. Duk wanda ya girme ka, in ya ce ka yi abu, ka yi." Ya fita yana maimaitawa. Bai yi nisa ba wani mai jif ya danna masa ham ya ce, "Kai baƙauye, sauka gefe! Titi na motoci ne!" Nomau ya dubi furfurarsa, ya sauka gefe. A gefen kuwa wata dattijuwa ta baza tumatir da attaruhu. Ta daka masa tsawa, "Hau titi, ɗan nema! Nan wurin mutane ne!" Ya dube ta, ita ma ta girme shi, ya hau titi. Direban bas ya kore shi, ya sauka. Mai kayan gwanjo ya kore shi, ya hau. Haka ya yi ta yi, gumi na zuba, har ya lura da wuri ɗaya tak da babu wanda ya ce nasa ne. Ya ɗora keke a ka da akwatin biredi da komai, ya shiga kwata, ya bi ta tsamo-tsamo har teburin mai shayi.

Mai shayi ya toshe hanci ya ce, "Nomau, ta ina ka biyo?"

"Ta inda ba a zagi."

Na yi dariya ranar har na riƙe ciki. Amma daga baya abin ya tsaya min a rai, don ni ma da ƙafa nake yawo, kuma ban san amsar da ta fi tasa ba. Biredin dai babu wanda ya karɓa.

Wata rana motar da ke kawo fulawa ta mutu a kan titi, kusa da gidan. Direban ya karyo rassan darbejiya ya jera su a kan kwalta, tun daga nesa har bayan motar, kamar yadda direbobi ke yi. Nomau ya fito ya ga ganye shar a zube ba mai shi, ya tuna akuyar Inna. Ya tsince shi tas ya kai mata. Akuyar ma ta sansana ta kau da kai. Bai daɗe da shiga gida ba aka ji ƙiiii, wani ɗan acaɓa ya taho a guje, saura ƙiris ya shige ƙarƙashin motar, ya faɗa cikin kwandon mai lemo. Direban fulawa ya shaƙo wuyan rigar Nomau.

"Kai wane irin mutum ne? Ba ka san amfanin ganye ba?"

"Na sani, na akuya ne."

"Saurara da kyau! Duk abin da ya kasa tafiya a kan titi, ganye ake jera masa, kowa ya gani ya rage gudu. Kuma ba a ɗauke ganyen sai an gyara. Ka ji?"

"Na ji. Sai an gyara."

A daren Ɗayyabu ya karɓe makullin keken. Ya ce, "Ya isa. Gobe da safe ki raka shi tasha." Balaraba ta durƙusa ta roƙe shi, ya ce ya riga ya rantse. Ta ɗaure wa Nomau kayansa a zani tana hawaye. Shi kuwa ya zauna yana kallonta, ya ce, "Yaya, in na je wa zan ce wa na dawo?"

Wata rana, wato washegarin, suka fito za su tasha, Nomau da ƙunshi a ka, Balaraba a bayansa. Ba su sani ba, da asuba an aiko wa Inna Tabawa cewa jikin yayarta Dudu ya yi tsanani, tana ta kiran sunanta. Ɗayyabu yana bakin tanda, tsohuwa ba ta jira kowa ba, ta ɗauki sandarta ta shiga titi. Ta ci rabin hanya, gwiwa ta ce ba ta san zancen ba. Ga ta nan a tsakiyar kwalta, ta dogara sanda, motoci na wucewa fuu ta gabanta, fuu ta bayanta, iskarsu na kaɗa mata mayafi. Wani ma har ya leƙo ya ce, "Tsohuwa, kin gaji da duniya ne?" Mutane sun yi cirko-cirko a baki suna salati, babu mai iya shiga. Balaraba ta ɗora hannu a ka.

Nomau ya ce, "Yaya, Inna ta kasa tafiya?"

"Ta kasa, Nomau, za su kashe ta!"

Ya yar da ƙunshin. Ya haye darbejiyar ƙofar gida, ya karyo rassa iya ƙarfinsa, ya faɗa titi da su a rungume. Ya ruga can nesa ya fara jerawa, reshe bayan reshe, ya dawo ya jera ta ɗaya ɓangaren. Abin mamaki, direbobin nan da ba sa tsaya wa mai goyo, ba sa tsaya wa makaho, suna hango ganye sai ƙafa ta koma kan birki da kanta, don kowa na tsoron ya afka wa tirela. Suka taho a hankali suna miƙa wuya. Na gaba ya sauke gilashi.

"Kai, ina motar da ta lalace?"

"Ba mota ba ce, Inna ce."

"Me ya same ta?"

"Gwiwa."

Direban ya buɗe baki zai yi zagi, ya dubi tsohuwar, ya rufe bakinsa. Nomau ya kama hannunta suka taka sannu sannu. Kafin su kai, masu talla da 'yan makaranta da wani mai baro da ya daɗe yana jira duk sun bi bayansu sun tsallake. Inna ta sami yayarta da rai, ta riƙe hannunta har Dudu ta gane ta.

Ɗayyabu ya iso da gudu, fulawa har gira, ya tarar da uwarsa a zaune a gidan Dudu lafiya lau. Ya juya ya ga titi ya zama kamar gona, ya ga ƙunshin Nomau a ƙasa. Sai ya ce, "To, ai an gama. Je ka kwashe ganyen nan, motar ƙauye za ta tafi ta bar ka."

Nomau ya ce, "Ba a ɗaukewa sai an gyara. Inna, kin gyaru?"

Tsohuwa ta dubi ɗanta, ta dubi Balaraba da idanunta suka kumbura, ta shafa gwiwa ta yi wani dogon nishi. Ta ce, "Ina fa, ɗan nan. Kuma gobe ma zan zo, jibi ma haka. Ɗayyabu, in ka kore shi, kai za ka riƙa hawa bishiyar?"

Ɗayyabu ya sunkuya ya ɗauki ƙunshin da kansa ya kai gida. Rantsuwar da ya yi kuwa, ya ciyar da miskinai ya huta.

Har yau kullum da safe Nomau na jera sabon ganye kafin ya ɗauki biredi, darbejiyar nan duk ta yi sanƙo ta gefe ɗaya. Rabin unguwa a nan muke tsallakawa. Gwiwar Inna dai ba ta gyaru ba. A cikin gida na sha ganinta tana bin akuya da sauri, amma da ta iso bakin titi ta ga Nomau yana kallo, sai ɗingishin ya dawo.