Tsanin Tankin Lamisula

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka ƙaddamar da tankin ruwan unguwarmu a Lamisula ba, ko da ina so in manta ma tsofaffin layinmu ba za su bar ni ba. Yanzu furfura ta cinye mini gemu, matasan injiniyoyi suna miƙewa in na shiga ofis, amma da na sauka daga mota a bakin layin nan sai in ga dattawa sun fara murmushi tun kafin in yi sallama.

Lokacin ban daɗe da dawowa daga Kaduna ba, kaina a kumbure. Ga digiri na farko a fannin gine-gine, ga na biyu a kan ginin ƙarfe, ga rajista da hukumar injiniyoyi, har da hatimi mai sunana da nake yawo da shi a aljihu kamar goro. Na yi shekaru a wani kamfani ina zana hasumiyar tanki a kwamfuta, ina lissafa nauyin da kowace ƙafa za ta ɗauka da irin iskar da za ta jure. Abin da ban lura da shi ba shi ne, duk hasumiyoyin nan daga ƙasa nake duba su. Hular kwano a ka, hannu a ƙugu, in ɗaga kai in ce aiki ya yi kyau.

Sai wata ƙungiyar agaji ta haƙa mana rijiyar burtsatse, aka ba ni aikin hasumiyar da za a ɗora tankin. Aikina na farko ke nan a gida, a layin da na yi wasan ƙasa. Ruwa kuwa ya yi wa mutane wuya ƙwarai, gidan da bai samu ɗan ga-ruwa da safe ba sai dai ya aika yara wata unguwa. Kowa ya zuba ido.

Ranar ƙaddamarwa aka kafa rumfa, aka shimfiɗa tabarmi, ƙamshin turaren wuta yana tasowa daga ɓangaren mata, jarkoki sun yi layi har bakin titi. Ni kuwa na ci farar shadda da ta sha bugu, babbar riga har ƙasa, na kafa hula zanna (kada ka tambaye ni inda hular kwanon take, ai ba ta shiga da kwalliyar). Bulama, mai unguwarmu, Allah ya jiƙansa, ya tashi da sandarsa ya zagaya hasumiyar, ya ƙwanƙwasa ƙafafunta ɗaya bayan ɗaya, ya ce shi fa sun yi masa siriri. Ya ce ya taɓa ganin tanki ya rufto da iskar farkon damina, don haka ba zai bar mata da yara su tsaya ƙarƙashin wannan ba sai hankalinsa ya kwanta. Ba za a buɗe famfo ba sai ya amince.

Nan fa na gyara riga na shiga bayani. Na kawo kaurin ƙarfe, na kawo zurfin tushe, na bi ta kan digirorina ɗaya-ɗaya, har Turanci na riƙa yayyafawa. Bulama ya saurara tsaf, sannan ya ce, “Ɗana, na ji. Mutum zai iya hawa can ya sauko lafiya?”

Ga ma'aikata nan tsaye da suka saba hawa kullum, da na nuna ɗaya da an wuce wurin. Ina! Bakina ya riga hankalina. Na ce, “Baba Bulama, ni da kaina zan hau.”

Hawan bai yi wuya ba wallahi. Na tattare riga na saɓa a kafaɗa, ina taka tsani ana tafi, har na kai dandamalin da tankin ke zaune. Kuma abin da na gani daga can har yau yana raina. Maiduguri ta kwanta kore shar da bishiyoyin maina, rufin kwano na walƙiya a tsakaninsu, ga tsakar gidanmu da igiyar shanyar Hajja, mahaifiyata, ga filin makarantar firamaren da aka zane ni saboda makara. Ban taɓa sanin garinmu yana da kyau haka ba.

Sai iska ta ɗauke mini hula.

Na bi ta da ido. Ta yi ta tafiya, tana juyi, ta ƙi isa ƙasa. Kafin ta faɗi gwiwoyina sun zama ruwa. Na rungume ƙarfen da ke kusa da ni da hannu biyu, jikina ya kama ɓari. Agogon hannuna ya shiga bugun ƙarfen ƙwal-ƙwal-ƙwal, har ƙasa ana ji. Na jiyo wani yana gaya wa jama'a cewa Injiniya yana gwada ingancin ƙarfe ne, haka masu ilimi suke yi. Aka yi ta tafi ana sa mini albarka.

To, gwaji dai ya ƙi ƙarewa. Rana ta take, irin ranar garinmu da ba ta san mai digiri ba, ƙarfe ya ɗauki zafi, gumi ya jiƙe shaddar sharkaf. Baƙi suka fara fifita da duk abin da ke hannunsu. Duk wanda ya ɗaga murya ya ce in sauko haka nan, sai in ce ina zuwa, akwai wurin da ban duba ba (idona a rufe gam, me zan duba?). Da aka kira azahar ban motsa ba, sai tafin ya mutu, raɗa ta fara zagayawa. Wasu suka ce a hau a ɗaure ni da igiya a zuro ni. Na ji wannan da kunnena, na ji kamar in mutu don kunya, amma hannuna ya ƙi sakin ƙarfen. Ga layin jarkoki can ko ɗigo bai samu ba, duk saboda ni.

Sai wurin ya yi tsit. Na buɗe ido ɗaya na leƙa, na ga Hajja ta fito daga cikin mata. Tsohuwar da ciwon gwiwa ya sa take salla a zaune. Ta tuɓe takalmi, ta tattare lafayarta ta ɗaure a ƙugu, ta kama tsanin, ta ɗora ƙafa a matakin farko. Ta ɗaga kai ta yi magana da Barbarci, yaren da take mini faɗa da shi tun ina yaro, kuma ba ta rage murya ba.

“Ko ka sauko, ko in hau in goyo ka. Ba yau na fara ba.”

Ta ɗora ɗaya ƙafar a mataki na biyu.

Ban san lokacin da na saki ƙarfen ba. Tsoron kada ta faɗi ya kori nawa tsoron. Na juya baya na fara laluben tsani da ƙafa, ina ta cewa, “Hajja don Allah ki sauka, ga ni nan.” Ita kuwa ta ƙi, sai da ta ga dugadugaina a saitin kanta sannan ta ja da baya. A hanya rigar ta maƙale ta yage tun daga kafaɗa. Ina taka ƙasa na zube zaune daɓas a gaban Bulama da baƙi da duk matan unguwa. Hajja ta karɓi hulata daga hannun wanda ya tsinta, ta kaɗe ƙurar, ta kifa mini a karkace, ta koma wurin zamanta.

Bulama ya dube ni, ya dubi hasumiyar, ya shafa gemu. Ya ce, “Ƙarfen da ya jure karkarwar yaron nan bai faɗi ba, iskar damina ba za ta yi masa komai ba. A buɗe famfo.”

Dariya ta ɓarke, guɗa ta biyo baya, ruwa ya zubo. Ni ma daga zaune na yi dariyar, hawaye na bin fuskata, ban san na kunya ba ne ko na murna.

Hajja ta yi ta ba da labarin nan har ƙarshen rayuwarta, kuma duk bayarwa sai hasumiyar ta ƙara tsawo. A lokacin haushi nake ji. Yanzu da zan samu ta sake ba da shi sau ɗaya a tsakar gida, da na zauna na ji har ƙarshe, ko da ta ce tankin ya taɓo gajimare.

Tun daga ranar duk tsanin da na zana sai na kewaye shi da kejin ƙarfe, na sa wurin hutawa a tsakiya, kuma ban ƙara yin alkawari a gaban jama'a da gwiwoyin da ban gwada ba. In aka ce wa zai hau, sai in dubi matasa. Wadda za ta sauko da ni ba ta nan.