Takardun Piyanon Mushe Abarshi

Ko zan manta da komai na shekarun da na yi ina aikin surbeyan, mai kula da ladabin ɗalibai, a kwalejinmu ta nan Dakoro, ba zan taɓa mantawa da bikin rufe lakwal ɗin, wato na tashin makaranta hutu, da aka karrama Mushe Abarshi ba. Zan faɗi abin bi da bi yadda ya faru, don ni ba na son labarin da ake farawa daga tsakiya.

Da farko, ni kaina. Karatuna bai yi nisa ba, a kwaleji na tsaya, amma abin da na iya na iya shi: layi, lokaci da tsabta. Ni ke buga ƙarfe da safe, ni ke rubuta sunan wanda ya makara, ni ke duba ko an share aji. (Matata ta ce ko takalman ƙofar masallaci na gani a watse sai hannuna ya yi ƙaiƙayi. Ba ƙarya ta yi mini ba, na sha jera su.)

Na biyu, Mushe Abarshi. (Mushe dai laƙabi ne na Faransanci da muke yi wa malamin makaranta.) Shi ya koyar da ni ina ƙarami, daga baya muka haɗu wurin aiki guda har ya ajiye aiki. Mutumin Birnin Lalle ne. A makarantar horon malamai ya koyi kaɗa piyano da rubutun kiɗa irin na Turawa, wannan mai layuka biyar da ɗige-ɗige masu wutsiya. Abin da ya yi da wannan ilimi ban taɓa jin wani ya yi irinsa ba a wajenmu. Ya bi waƙoƙin matan garinsu, na daka da na bakin rijiya da na reno, ya maida su kiɗan piyano zalla, ba murya, ba baiti, mutum ɗaya da hannunsa biyu. Hannun dama shi ne mai ba da waƙa, na hagu kuma amshi da taɓarya. Waƙa goma sha huɗu ne, da rubutun hannunsa, kuma babu wani kwafinsu ko'ina. Yawancin matan da ya ji su a bakinsu sun rasu, ƴan matan yanzu kuwa inji ke yi musu niƙa.

Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya taɓa masa hannun dama, idonsa kuma ya yi rauni. Ƙaramin piyanonsa mai aiki da batir ya yi shekaru lulluɓe da zane. Shi ya sa da direktanmu ya ce bana za a karrama shi, aka shirya ɗiyar ƙanensa, Madam Hadiza, wadda ke koyarwa a Maradi kuma ta iya karanta irin wannan rubutu, ta zo ta kaɗa waƙoƙin gaban jama'a. Tsohon zai sake jin aikinsa da kunnensa, kuma kowa ya san mai yiwuwa wannan ne na ƙarshe. Ni aka aika in karɓo takardun.

Ya fiddo su daga wani tsohon akwatin ƙarfe, warwatse, wasu manya wasu ƙanana.

"Surbeyan, ga su. Ka jera mini su, ka sa su cikin abin da iska ba ta kwashewa."

"An gama, Mushe."

"Jerawa kaɗai na ce."

"Na ji, Mushe."

(Na ji ɗin. Kunnena ne dai ya ji.)

Da na baje su kan tebur a burona, wato ofishina, sai raina ya ɓaci. Rubutun tawada yana nan tsaf, ɗigo bayan ɗigo, gwanin sha'awa. Amma sama da shi da ƙasa da shi da gefensa duk kiriyo ne, wato rubutun fensir: nan an zagaye, nan an soke, nan kibiya ta tashi daga wannan layi ta faɗa wancan, nan wata alama kamar ido da gira. Wani wuri ma "jira" kawai aka rubuta, kamar ana magana da jaki. To ni abin da na sani tun ina aji ɗaya shi ne, abin da aka rubuta da kiriyo gwaji ne, abin da aka rubuta da tawada shi ne aiki. Kaye, littafin rubutun ɗalibi, ba ya zuwa gaban sufeton makarantu da kiriyo a jikinsa. Ga shi manyan gari za su zo, wataƙila wani ya ce a miƙo masa takardun ya gani. Na ce a raina, tsohon nan hannu ne ya gaza masa, da yana da lafiya da kansa zai share. Bari in yi masa abin da ɗa ke yi wa uba.

Na tsara aikin. Na ɗaya, jerawa. Na biyu, sa lamba. Na uku, gogewa. Na huɗu, fotokopi. Ku dubi jerin nan da kyau. Da na sa na huɗu kafin na uku, da yau ba ni da labarin da zan ba ku.

Kwana uku na yi ina gogewa ina hure ɓurɓushi. Akwai wata takarda mai laushi, ta waƙar reno, wadda ta fi kowace yawan kiriyo, har ana ganin an goge an sake rubutawa ba sau ɗaya ba. Ita na fi ba ƙarfi. Na murje ta har fuskarta ta yi gashi-gashi. Da na gama na sa su cikin sabon bango, na rubuta sunan Mushe a sama da manyan haruffa, na ja layi biyu da rula. Na daɗe ina kallonsu, ina jin daɗin kaina.

Ranar biki motar Maradi ta makara. Ana jera kujeru ƙarƙashin rumfa Madam Hadiza ta iso, ko ruwa ba ta gama sha ba na danƙa mata bangon. A birni ta tashi, ba ta taɓa jin waƙoƙin nan a bakin masu su ba, abin da ke kan takarda shi za ta bi. Daga Birnin Lalle kuma tsofaffin mata sun zo mota guda, a gabansu Inna Tsahara, yayar Mushe, wadda ba ta san rage murya ba. Aka zaunar da su kusa da shi. Ɗalibai sun cika fili, ni kuma ina tsaye gefe ina harar masu motsi.

Aka yi jawabai, aka ba da kyaututtuka, sannan Madam ta zauna gaban piyano ta fara da waƙar daka. Ni dai a kunnena abin ya yi daɗi ƙwarai. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Kamar yara na shiga aji cikin layi, ba mai wuce wani. Har ƙafata ta fara bugun ƙasa. Sai na lura tsofaffin nan suna kallon juna. Madam ba ta kai rabi ba Inna Tsahara ta ɗaga hannu.

"Ke Hadiza, wagga wace waƙa ta?"

"Ta dakanku ce, Gwaggo."

"Ta dakanmu? In munka yi daka haka ai taɓarya sai ta fashe muna goshi. Ina wurin numfashi? Wagga tahiyar sojoji ta."

Aka yi dariya kaɗan. Madam ta ce ita abin da ta gani shi ta kaɗa. Mushe ya ce a miƙo masa takardar. Ya kai ta dab da idonsa, ya juya ta, ya shafa ta da yatsun hagu. Direkta ya matso masa da makirfo, yana tsammanin jawabi zai yi, don haka duk filin ya ji abin da ya ce.

"Ina kiriyona?"

Nan ne ya kamata in gane. Mai hankali da ya gane. Ni kuwa sai na gyara zaman rigata, na taka gaban rumfa, na karɓi makirfo daga hannun direkta, na yi gyaran murya.

"Mushe, ni na share shi. Duka. Kwana uku na yi a kansa, kuma ban bar ko ɗigo guda ba."

Na tsaya ina jiran tafi. Wallahi jiran tafi na yi.

Ba wanda ya tafa. Mushe ya ɗora takardar kan cinyarsa, ya yi magana a hankali, ba faɗa ba zagi.

"Tawadar nan ina saurayi na rubuta ta, yadda anka koya muna a lakwal, komi huɗu-huɗu. Da na kai gida na kaɗa wa innarmu, sai ta ce ba ta san waƙar ba. Daga nan na koma ina zama gindin turmi ina saurare ina gyarawa. Tawadar abin da na koya ne. Kiriyon shi ne abin da na ji. Shekara talatin ina bisa gare shi."

Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Mushe, ai kai ka koya muna ba a barin kiriyo cikin kaye."

"Ni na koya maka," in ji shi. "Tambaya ce ban koya maka ba."

Inna Tsahara ta ƙare mini kallo daga hula har takalmi.

"Wane ne wanga mai tsabta?"

Aka ce surbeyan ne.

"To don Allah kar a nuna mashi gidana. Ina kwana sai shi zo shi goge mini tsagar huska."

Fili ya kece da dariya, har da manyan baƙi, har da ɗaliban da na sha sa wa gwale-gwale a wannan filin. Na tsaya da makirfo a hannu ban san inda zan ajiye shi ba. Dariyar ba ita ta fi ci mini rai ba. Mushe bai yi dariya ba, yana ta shafa takardar kamar mai neman abu cikin yashi. Tsofaffin matan ne suka fid da bikin: suka miƙe suka yi waƙar da baki da tafi, Madam na bin su da kunne iya yadda ta iya. Ni kuma na sulale buro na rufe ƙofa, ranar ko ƙarfen tashi wani ya buga.

Kashegari da hantsi na tafi gidansa da takardun. Na yi sallama sau biyu da muryar da ni kaina ban ji ba. Muna zaune a zaure, na ɗaga wata takarda don in kare fuskata daga rana, sai na ga sawu. Kiriyo ya tafi, amma inda bakinsa ya danna takarda yana nan, in ka karkata ta ga hasken safiya. Na nuna masa. Shi ba ya gani, amma ya ce in faɗa masa abin da na gani.

Haka muka cinye hutun damina. Inna Tsahara ta zauna gidan, tunda shekarunta sun wuce na zuwa gona. Kullum da safe ina karkata takarda, ita tana rerawa, shi yana nuna wuri da yatsan hagu, ni ina zanawa da kiriyo kamar ɗan aji ɗaya, ban san sunan ko alama guda ba. In na yi kuskure sai ta ce, "Mai tsabta, ba nan ba." (Sunan ya bi ni har yau. A kasuwa ma da shi ake kirana.) Sannu a hankali na fara gane abin da na goge. Alamar nan mai kama da ido, wurin da mace ke cilla taɓarya sama ta tafa ne kafin ta cafe. "Jira" na waƙar rijiya kuwa, lokacin da bijimin jan ruwa ke tafiya da igiya ne, guga bai iso baki ba, kowa ya yi shiru yana kallon ramin. Rijiyoyinmu suna da zurfi, shirun ma dogo ne. Ni da aka haifa a ƙasar nan ban taɓa lura ba cewa waƙar tana jiran ruwa.

Madam ta zo sau biyu ta gwada. Zuwanta na biyu, tana cikin kaɗa ta daka, sai na ga kafaɗar Inna Tsahara na motsi ita kaɗai. Mushe ya rufe ido har aka gama.

Goma sha uku muka maido. Ta sha huɗun ita ce ta reno, wadda na fi ba ƙarfi. Babu sawu a kanta, na murje shi. Waƙar mahaifiyarsu ce ita kaɗai, ba ta gari ba. Inna Tsahara farkonta kawai ta riƙe, shi kuma tun da ya yi ciwo ta ɓace masa. Sun yi kwanaki suna kamo ta tana kuɓucewa, har ranar da ya ce a bari haka nan. Madam ta kaɗa abin da ya rage na tawada sau ɗaya. Tsaf yake, daidai yake, kuma ba jaririn da zai yi barci da shi.

Na nemi gafararsa a ranar, na durƙusa kamar yadda ban yi ba tun ina yaro.

"Na yafe maka tun a filin," ya ce. Sannan ya miƙo mini takardar. "Wagga ka riƙe ta wurinka. Ka fi ni iya ajiya."

Ban san ko yabo ne ko horo ba, ban kuma tambaya ba. Tana nan cikin aljihun teburina, fes da ita.

Har yanzu ni mai son tsari ne, kar wani ɗalibi ya karanta wannan ya ɗauka zai makara gobe. Abu guda ne ya canza. In aka ba ni ajiya, kafin in gyara ta sai na tambayi mai ita ko ta lalace. Abin takaicin, sau da yawa amsar a'a ce.