Kalmar da Ta Tsaya wa Kaka a Wuya

"Ina wuni, ina gajiya... A'a, tsoho, gaisuwa kake amsawa ko harara?"

Malama ta tarar da kakanta a baranda, tabarau a karan hanci, gumi har wuya. Gobe zai tarbi baƙi da Turanci a taron 'yan fansho, ga mataimakinsa na harin kujerarsa ta shugabancin ƙungiyar, jira yake ya yi tuntuɓe. Ita ta rubuta masa jawabin, don haka ta san inda gizo ke saƙar.

"Muguwar mata," ya ce, yana dangwala yatsa a kan kalmar enthusiastically a takardar jawabin. "Wannan kalma ce ko jirgin ƙasa? Kashe ni za ki yi ki ci gado?"

"Gadon me? Tsohon keke da tari? Kawo nan. Gaɓa shida ce kacal: in-thu-zi-yas-tik-li."

"Ƙarya! Na ƙirga bakwai. Ina kika kai 'kal' ɗin?"

"Rubuta shi ake yi, ba a faɗa."

"Yana zaune ba ya aiki? Ashe ɗan'uwanki ne."

"Ɗan fansho dai. Wutsiyar nan ta 'li' ita ke nuna yadda aka yi abu, wato cikin zumuɗi. To, sa harshe tsakanin haƙora ka ce 'thu'."

Ya gwada. Haƙoran robarsa na sama suka zamo, ya cafke su da tafin hannu.

"Kin gani? Saki ɗaya!"

"Wa zai kwashe ka in na tafi? Bar 'thu' ɗin ta wuce a hankali. Ƙarfin duka a gaɓa ta huɗu yake, kan 'yas'. Nan za ka danna."

"Yarinya, ina Turanci tun uwarki na rarrafe."

"Shi ya sa ya tsufa tare da kai. Bi tafina."

Ta fara tafawa. Ya gyara zama, ya cika ƙirji.

"In-thu-zi-YAAAS-tik-li!"

Maƙwabciya ta leƙo ta katanga a firgice. "Baba, lafiya? Kunama ce?"

"Turanci ne, 'yar nan, koma ɗaki."

Malama ta durƙushe tana dariya har da hawaye. Ya faɗe ta daidai, ko da yake unguwa ta ji.

"Gobe ka rage murya, kar baƙi su gudu."

Kaka ya zare alƙalamin da ke aljihun rigarsa ya miƙa mata yana dariya.

"Ungo, kin ci. Na mayar da ke ɗakinki. Amma kika ƙara rubuta min irin wannan, ke za ki hau ki karanta."