Rasuwar Baƙin Kundin Masu Lambun Gidimuni

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani fushi da har yau bai sauka ba, ni Inusa ɗan Gwani nake sanar da masu lambun bakin tafkin Gidimuni, na gida da na wajen cin-rani, cewa gara ta cinye Baƙin Kundi. Ranar Talata aka buɗe magazan, ɗakin ajiyar ƙungiya, aka tarar ya zama ƙasa. Bangonsa biyu ne suka rage, sai igiyar da nake ɗaure shi da ita.

Marigayin ya yi shekara talatin da ɗaya yana riƙe da sunayen 'yan ƙungiyarmu, ashirin da shida daga ciki a hannuna. Ni aji biyu na yi a lakwal, makarantar boko, ban taɓa ɓoye wa kowa ba. Amma duk mai fili a bakin ruwa yana cikinsa: sunansa, sunan ubansa, dabino nawa ne a filin, wa ke gabas da shi, wa ke yamma, ga dangwalen babban yatsansa a ƙasa. Bai taɓa neman caji ba. Ba shi da surutu. In ana neman suna sai ka ji faɗak, faɗak. In gardama ta ƙare na rufe shi, gub, kowa ya ɗauki takalminsa.

Ciwon ajalinsa ya fara ne ranar da aka zaɓi Nasiru ɗan Alhaji Isma'ila sakatare, don kawai ya dawo daga Damagaram da ordinatar, wato kwamfuta, a jaka. Ya ce na'urarsa ba ta son cunkoso. Duk wanda ya shekara biyu bai dangwala hannu a taro ba, ya sa masa suna mai barci, bai kwafe shi ba, ya bar shi a kundi. Kundin kuma ya ce za a kai shi arshif. Na ɗauka wani babban biro ne mai gadi a ƙofa. Ashe cikin magazan ne, bayan buhunan taki, a ƙasa, jikin bangon da ke jiƙewa duk damina. Makulli yana aljihunsa. Sau huɗu na nemi ganin majinyacin, sau huɗu ya ce lafiyarsa lau.

Marigayin ya bar marayu sittin da uku, waɗanda ba su da suna ko'ina sai a cikinsa. Cikinsu akwai ƙanwata Husaina. Barcin da ta yi shi ne jinyar mijinta a Damagaram, sannan takaba. Da mutanen furoje, masu aikin raya karkara, suka zo sake awon filaye don jan ruwan famfo, jerin na'ura aka miƙa musu. Filin da ba shi da suna aka haɗe shi da na maƙwabta. Dabino bakwai da mijinta ya dasa, yanzu tana tsaye tana ganin wani yana hawansu. Muka ce a ɗauko kundi. Shi ne aka buɗe magazan.

Ya kuma bar alƙalamin bik ja ɗaya, da tawadar dangwale da ta bushe, da ni.

Gara ba ta da laifi, aikinta ta yi. Mai zuwa gaisuwa ya zo, amma kada ya ce mini in yi haƙuri.

Jiya a gaban maigari na ce tunda doka ce, a bi ta har ƙarshenta. Na sa aka karanta jerin da ƙarfi, sau biyu. Babu Alhaji Isma'ila. Tsohon shekara huɗu yana kwance, ƙafa ta hana shi zuwa taro, ɗansa da hannunsa ya bar shi cikin masu barci bai ma lura ba. Lambun da Nasiru ke nomawa kuwa da sunan tsohon yake. Ranar awo Nasiru ya tsaya a kai ya ce nasu ne, ba wanda ya duba. Dattawa suka ce fili ne mara suna, aka ba Husaina, har ranar da Nasiru zai bi gidajen marayun nan ɗaya ɗaya da ƙafarsa, da shaidu, ya mayar wa kowa da filinsa. Husaina ta ce za ta riƙa aika wa tsoho rabonsa. Ba ni na ba ta shawarar ba.

Za a rufe marigayin ranar Juma'a bayan la'asar. Liman ya ce ba salla, na yarda. Zaman makoki a ƙofar gidana, kwana uku, kowa ya zo da tabarmarsa. Kabarin yana gefen lambun da ya fita hannun Nasiru, kuma shi zai haƙa. In ya gama ya jingine abin haƙa, ya miƙa wa Husaina makullin shinge. Raken da ya dasa ya isa sara, ita za ta sara.