Rasuwar Magajiya, Jif Ɗin Alhaji Hadi

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har baki, tare da miƙa wuya ga hukuncin Ubangiji, gidan Alhaji Hadi Ari na Rijiyar Lemo, ɗan kasuwar atamfa a Kantin Kwari, yana sanar da 'yan uwa, maƙwabta da abokan ciniki rasuwar motarsa, jif ɗin nan mai ruwan toka da kowa ya sani da suna Magajiya. Ta cika ranar Asabar da ta wuce, da la'asar sakaliya, a cikin wata gonar dawa da ke gefen hanyar Katsina, bayan gajeriyar jinya wadda ta yi ta faɗa da bakinta ba a saurare ta ba.

Marigayiyar 'yar Kwatano ce. Ta zo gidan nan da sauran ƙuruciyarta, ta tsufa a cikinsa. Ta ɗauki dilolin atamfa da bandir-bandir na shadda har bayanta ya sunkuya, ba a taɓa jin ta yi ƙorafi ba. Daminar da ruwa ya shiga kasuwa, 'yan adaidaita sahu suka yi cirko-cirko a titunan Fagge, ita ce ta kutsa ruwa har ƙofofinta ta kwashe kayan shagon Alhaji kafin su jiƙe. Ita ce kuma ta ɗauko Malam Ari, mahaifin Alhaji, daga asibiti zuwa gida a tafiyarsa ta ƙarshe, tana takawa a hankali kamar ta san abin da ke kwance a bayanta. Da safe in an murɗa makulli sai ta ce gir-gir-gir, ta yi gyaran murya sau ɗaya, sannan ta zauna cikin wani gurnani mai laushi da maƙwabta ke gane fitar Alhaji da shi.

Aibinta ɗaya ne, in ma aibi ne: ba ta da gaggawa.

Ciwon ajalinta ya samo asali ne daga wata 'yar magana. Wata rana Fahad, matashin da shagonsa ke kallon na Alhaji, ya wuce su a titi da sabuwar motarsa yana ƙyafta musu fitila. Washegari a kasuwa, cikin mutane, ya ce, "Alhaji, jiya na wuce ku. Wallahi na ɗauka fakin kuka yi." Layin ya kwashe da dariya. Alhaji ma ya yi dariyar, amma maganar ta tsaya masa kamar ƙayar kifi a maƙogwaro.

Ba a daɗe ba ya ji labarin wata 'yar na'ura da ake riƙewa a hannu, girmanta bai wuce wayar salula ba. Ana jona ta a wani rami da ke ƙarƙashin sitiyari, ta shiga ƙwaƙwalwar mota ta sauya mata tunani, inji ya ƙara ƙarfi. Ya same ta a Sabon Gari wajen Chinedu, mai sayar da kayan gyaran mota, haifaffen Kano, wanda ya daɗe yana kula da Magajiya. Chinedu ya miƙa masa kwalin amma bai saki ba nan take.

Ya ce, "Alhaji, abin nan ba abin wasa ba ne. Batir ya cika, mota tana tsaye, fanka da fitilu duk a kashe. In ya fara rubutu, ko gobara ake yi kada ka taɓa wayar. Kuma zai nuna maka kore, zai nuna maka ja, wanda ya fi ƙarfi. Ka tsaya a koren. Jan nan ba na man da muke sha a garin nan ba ne, ba kuma na tsohuwa ba ne."

Alhaji ya ce, "Ai ni ma ba tsere zan shiga ba."

Adalci ne a faɗa cewa karon farko ya bi ƙa'ida. Ya kai batir aka yi masa caji, ya ajiye motar a inuwar gida, ya zaɓi kore, ya naɗe hannu har na'urar ta gama. Magajiya ta tashi da walwala, kamar wadda aka yi wa ƙarin jini. Tana hawa gada ba nishi. Da a nan aka tsaya, da wannan sanarwa ba ta fito ba.

Amma na'urar tana nan cikin akwatin gaban mota, kuma duk lokacin da Alhaji ya buɗe don ɗaukar turare sai su haɗa ido. Wata safiya, bai gaya wa kowa ba, ya sake jona ta, ya danna ja. A makon nan ya wuce Fahad a titi har yana ɗaga masa hannu. A makon nan ne kuma gidajen mai suka yi layi, ya tsaya wajen 'yan bumburutu aka ɗura mata abin da ya samu a galan.

Daga nan muryarta ta sauya. In ya taka totur sai a ji ƙas-ƙas-ƙas can cikin ƙirjinta, kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Allurar zafi, wadda shekara da shekaru ba ta taɓa barin tsakiya ba, ta fara rarrafawa sama. Uwargidansa, Hajiya Rabi'atu, ta ce, "Alhaji, motar nan ƙauri take yi." Ya ce sabon jini ne ke motsa ta. Wata 'yar fitila ruwan ɗorawa ta kunna kanta a gabansa ta ƙi mutuwa, sai ya jingina kwalin turare ya tare ta. Mahaifiyarsa, Inna Gumsu, wadda idanunta suka yi rauni amma kunnenta bai tsufa ba, tana zaune a tsakar gida ta ji shigowarsu da yamma, ta ɗaga kai.

Ta ce, "Hadi, motar wa ka aro?"

Ya ce, "Magajiya ce, Inna."

Ta ce, "Wannan ba muryarta ba ce."

Ranar Asabar suka kama hanyar Bichi zuwa barkar haihuwa. Inna Gumsu na gaba, Hajiya Rabi'atu na baya tare da 'yarsu Zulfa da jaririnta a cinya. Bayan Dawanau, inda aikin hanya ya sa masu zuwa da masu dawowa ke bin hannu ɗaya, suka tarar da tirela maƙare da buhuna tana jan ciki. Magajiyar da ba a taɓa ba, Alhaji ba zai roƙe ta wannan alfarma ba, zai bi bayan tirelar ne har ta ga damar ba shi hanya. Amma yanzu ya san abin da ke ƙarƙashin ƙafarsa. Ya leƙa, ya hango tankar mai can nesa, ya ga akwai fili. Ya fita, ya taka.

Ta amsa. Ta ci rabin tirelar kamar iska. Sai aka ji ƙwas, sau ɗaya, kamar an karya busasshen ice a cikin bonet, ƙarfin ya zube gaba ɗaya. Ya taka totur har ƙasa, ba komai sai tari. Tirela a dama, tanka a gaba tana kunna fitila tana danna ham ba ƙaƙƙautawa, tana girma a gilashi. Zulfa ta duƙa ta rufe jaririnta da jikinta. Inna Gumsu, da ba ta ganin abin da ke tahowa, ta ji shi, ta fara kalmar shahada da ƙarfi.

Alhaji ya karya sitiyari hagu. Da ɗan gudun da ya rage mata, Magajiya ta tsallake gefen kwalta, ta gangara cikin dawa, karare suna dukan gilashinta. Tankar ta wuce ta bayansu, iskarta ta girgiza motar kamar kwando. Babu wanda ya ƙwarzane. Wannan ita ce hidimarta ta ƙarshe, kuma ta yi ta ne da ƙirji a fashe.

A lokacin da sauran ranta. Tana tari, tana karkarwa, tururi na fita ta hancinta. Alhaji ya kashe ta, ya zaro na'urar daga akwati ya jona, yana son ya mayar da Magajiya yadda ya same ta, nan take, kamar hakan zai goge abin da ya faru. Hajiya Rabi'atu ta ce, "Alhaji, don Allah bar ta ta huce. Kira Chinedu." Bai ji ba. Sigina biyu suna ƙyaftawa, fanka na juyi, batir ɗin da rabonsa da caji tun karon farko yana ba da abin da ba shi da shi. Na'urar ta share tunanin da ke kan Magajiya, ta fara rubuta mata na asali. Layin da ke nuna aikin ya rarrafa, ya wuce rabi kaɗan, ya tsaya. Fitilun gaban direba suka dushe kamar aci-bal-bal da mai ya ƙare wa. Aka ji tik, can kuma tik. Ba a sake jin komai ba.

Ta rasu ke nan tsakanin tunani biyu, an ɗauke mata wanda aka ɗora mata, ba a gama mayar mata da nata ba. Ba ta san ko ita wace ce ba lokacin da ta tafi.

Motar janwe ta jawo ta Sabon Gari. Chinedu ya buɗe ta, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce fistin biyu na cikin inji sun narke, ƙwaƙwalwa kuma fanko ce, ko an samo wata babu zuciyar da za ta umarta. Ya rufe bonet da hannu biyu, a hankali.

Marigayiyar ta bar Alhaji Hadi, wanda yanzu adaidaita sahu yake hawa zuwa kasuwa, kuma in tanka ta taho sai an ga ya runtse ido. Ta bar Hajiya Rabi'atu, wadda har yau ba ta ɗaga maganar ba, shirun nata kuwa ya fi faɗa ciwo. Ta bar Inna Gumsu, da har yanzu takan karkata kunne wajen ƙofa in yamma ta yi. Ta bar safayar taya da ba ta taɓa taka ƙasa ba, da tabon baƙin mai a simintin gida wanda an wanke an wanke ya ƙi fita.

Na'urar ma tana cikin waɗanda aka bari, lafiyarta ƙalau, ko ƙwarzane babu. Cikin masu zuwa jaje har da Hamzat, ƙanin Alhaji, mai jif irin marigayiyar sak. Ya ɗauki na'urar ya daɗe yana juya ta a tafin hannu, ya ce, "Yaya, ai laifin batir ne da gurɓataccen mai. Nawa batir ɗin sabo ne fil." Alhaji ya karɓe ta, ya ɗora ta can saman wardirof.

Za a yi sallama da marigayiyar ranar Alhamis da hantsi a garejin da take kwance, bayan shagon Chinedu a Sabon Gari. Babu wanka, babu salla, domin ƙarfe ce, ga ƙarfe za ta koma. Za a cire ƙofofinta da fitilunta da kujerunta ga masu buƙata, sauran jikin 'yan gwangwan su tafi da shi. Alhaji zai karɓi gaisuwa a shagonsa na Kantin Kwari bayan azahar. Ana roƙon masu zuwa su zo a ƙafa ko a adaidaita, kuma kada kowa ya yi gaggawa a hanya.

An so a farfasa na'urar da guduma a gaban jama'a, ta bi marigayiyar cikin kaya ɗaya. Wannan ɓangare an ɗage shi, domin da aka duba saman wardirof yau da safe babu ita. Hamzat ya kama hanyar Maiduguri tun sassafe da matarsa da 'ya'yansa, ana ta kiran wayarsa ba ta shiga. Duk wanda ya hango jif ɗinsa a hanya, ko a gidan mai, ko a wurin cin abinci, don girman Allah ya tsayar da shi, ya ce masa Inna tana nemansa.

Allah Ya ba mu haƙurin rashi, Ya kai matafiya lafiya.